Neman shawara: katin dina ya ce "black tie", ni kuma kwat ɗin aurena kawai gare ni

Baban Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya kulle. Ina aikin jinya a birnin Leeds na Ingila, an ba mu katin dinar ƙarshen shekara, a ƙasa an rubuta black tie. Ni na ɗauka baƙin laktaye ake nufi, har na saya. Jiya wata abokiyar aiki ta gani ta tuntsire da dariya, wai tuxedo ake nufi. Kwat ɗaya gare ni, ruwan toka, ta aurena ce tun 2019, ƙanin maiɗakina ya zaɓo min a kasuwar Sabon Gari, ranar ma sai da muka yi sa-in-sa don ni shuɗiya na so. Yanzu maiɗakin tawa ta ce ba wata kwat sai an tura kuɗin makarantar ƙannena. Ya zan yi?

Kawu Na Manchester: Wa alaikumus salam. Yaro, ajiye ruwan tokar nan. Na fi shekara ashirin ina zuwa irin wannan taron. Tuxedo baƙa ce, ko shuɗiya mai duhu sosai, kwalarta da satin mai ƙyalli, gefen wandon ma da layin satin. Ba a sa mata bel, igiyar rataye ake sa wa wandon. Farar shat mai links, ƙaramin laktaye mai siffar malam-buɗe-littafi, baƙin takalmi mai sheƙi. In za ka ɗaura ɗamarar ciki, bakin ninkinta sama yake kallo. In ka shiga shago ce musu dinner jacket, shi ne sunanta a Ingila. Tuxedo sunan Amurkawa ne, daga wata unguwar masu kuɗi, Tuxedo Park, a jihar New York.

Maman Sultan: Ku dai maza! Maigidana ya ɗauko ta haya bara, hannun ya rufe masa yatsu kamar almajiri a rigar malam, wai ba sai ya gwada ba, ya san lambarsa. Har yau in na ga hoton raina ɓaci yake. Kuma ni ya bari da mayar musu da ita.

Ɗan Damagaram: Me ya kai ka? Ka sa babbar riga ta farar shadda da hula. Taruka da yawa suna karɓar kayan gargajiya, 'yan Scotland ma da siket ɗinsu suke zuwa.

Kawu Na Manchester: Sai in katin ya faɗa, ko ka tambayi masu taron. Kuma babbar riga a teburin da aka jera cokula da kofuna? Hannun riga a miya za ka ƙare.

Baban Iman: Kawu na gode, amma kwat ɗin nan sau uku kawai na sa ta. Ruwan tokar ma mai duhu ce, da dare wa zai lura? Kuma laktayen ba arha na saye shi ba.

Abu Huzaifa: Kafin a yi nisa, a duba satin ɗin nan. In alharini ne, an hana maza sa shi, sai gwargwadon faɗin yatsu huɗu kamar yadda ya zo a hadisin Umar. Kuma ai ana shan giya a irin wuraren.

Kawu Na Manchester: Malam, yawancin na haya satin ɗin roba ne, ya duba takardar da ke cikin kwat ɗin. Baban Iman, za a lura. Ƙarƙashin fitila ruwan toka daban take fitowa cikin baƙaƙe. Ka yi haya, ka gwada a shagon, bakin hannun shat ya leƙo kaɗan, in za ka zauna ka ɓalle maɓallin.

Maman Sultan: Wai yaushe ne dinar? Ba ka faɗa ba. Disamba kayan haya ƙarewa suke.

Baban Iman: Maganar giya, lemo zan sha. Haya kuma ni ban son sa abin da wani ya yi gumi a ciki. Tambayata, in na kai ruwan tokar wurin tela ya ɗinka mata satin a kwala, ba shi ke nan ba?

Kawu Na Manchester: Inna lillahi.

Ɗan Damagaram: Ina da shadda Getzner wanki ɗaya, in tsawonmu ɗaya ne yi min magana.