Mece ce Hausar "live set"? Shawarata: saƙar fage

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar kiɗa da masu kishin harshe. Akwai kalmar da ta daɗe a bakinmu ba mu yi mata Hausa ba, wato "live set", wadda muke furtawa laif set, kiɗan da mai wasa ke ginawa daga gutsattsarin sauti a gaban jama'a. Yanzu da masu aikin DJ da dama ke ajiye manhajojin Serato, Traktor da rekordbox suna komawa manhajar Ableton Live don wasa a gaban jama'a, ya kamata a raɗa mata suna. Aikin DJ da laif set aiki biyu ne daban, kuma wanda ya zo saurare yana da haƙƙin sanin wanne za a yi masa.

Sai an san aikin kafin a san sunan, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kansa.

Manhajar DJ gadon faifai ta ci. Tun zamanin injin faifai na Technics SL-1200, wanda ya fito a 1972, tsarin bai sauya ba: waƙa a hagu, waƙa a dama, na'urar gauraya sauti a tsakiya. Traktor na kamfanin Native Instruments, da Serato na ƙasar Niyu Zilan, da rekordbox da Pioneer ta fitar a 2009, duk wannan tsarin suka ɗauko suka sa a fuskar kwamfuta. Waƙar da DJ ke sakawa an riga an gama ta a situdiyo. Gwanintarsa tana wajen zaɓe, da daidaita gudun waƙoƙi biyu, da sanin daidai lokacin da zai janye wannan ya shigo da waccan ba tare da masu rawa sun rasa taku ba. Aiki ne babba, kuma ba na cikin masu raina shi.

Ableton Live kuwa daga wata hanya ta ɓullo. An kafa kamfanin a Balin ta Jamus a 1999, manhajar ta fito a 2001, kuma cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta akwai Gerhard Behles da Robert Henke, waɗanda dama suna kiɗa tare da sunan Monolake. Abin da suke so su yi wasa da shi a dandamali suka gina. A shafin da suka kira Session View babu waƙar hagu da ta dama. Gidaje ne jere kamar na jadawali. Layin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa na sauti ɗaya ne: wannan na ganga, wannan na bes, wancan na murya. A kowane gida akwai gutsuren kiɗa mai maimaita kansa. Kana iya tayar da gutsure ɗaya, kana iya tayar da sahu guda gaba ɗaya. Kuma ko ka danna da wuri, manhajar za ta jira farkon gaɓa ta gaba kafin ta sako shi. A gudun bugu 120 a minti, gaɓa mai bugu huɗu daƙiƙa biyu ce, to iyakar jiran ke nan. A 2009 aka samu na'urorin hannu irin su APC40 na Akai da Launchpad na Novation mai maɓalli 64, sannan Push na Ableton ɗin kansa a 2013, mai wasa ya samu damar ɗauke ido daga kwamfuta ya sa yatsu a aiki. Ma'ana dai, waƙar ba ta gama zama waƙa ba sai a daren, a hannun mai wasan.

Wannan ne muke nema wa suna.

Shawarar farko da kowa ke kawowa ita ce "kiɗa kai-tsaye". Matsalarta, rediyo da talabijin sun riga sun mallake kai-tsaye, abin da kunne ke ji shi ne ana watsa shiri a lokacin da ake yin sa. Kuma DJ ma ai kai-tsaye yake aikinsa, ke nan kalmar ba ta raba komai ba. "Kiɗan nan-take" ya fi kusa, amma baki zai gutsure shi ya koma "kiɗan take", a rubuce kuma ba mai bambance shi da taken ƙasa ko taken shiri, tunda ba ma nuna tsawon wasali. "Wasan kwamfuta" na masu gem ne. "Haɗa kiɗa" kuwa masu situdiyo sun daɗe da shi, DJ ma haɗawa yake yi.

Wani ɗan'uwa ya ce a bar ta laif set kawai, yadda muka karɓi rediyo da kwamfuta da DJ ɗin kanta. Malam, ina girmama wannan ra'ayin, aro ba laifi ba ne. Sai dai laif ta riga ta samu gurbi a bakin mutane: in ka ce wane yana laif, kowa zai ɗauka Facebook ko TikTok ya hau. Sannan kalmar ba ta haihuwa. Me za mu kira mai yin ta? Me za mu kira manhajar?

Shi ya sa na tsaya a kan saƙa. Masaƙi ba tufafi biyu yake haɗawa ba. Zare yake ja, ya shigar da wannan ya ɗaga wancan, zanen yana fitowa a hankali a ƙarƙashin hannunsa. Haka mai wasa da Ableton yake yi da ganga da bes da murya da karin kiɗa: ya sako ganga ita kaɗai, ya ɗora bes, ya janye gangar ya bar murya tana shawagi, ya dawo da komai lokaci guda. Hausa kuma ta saba fitar da saƙa daga wajen tufa, muna cewa saƙar zuci, muna cewa wane ya iya saƙa magana. Ba baƙon abu muka ɗora mata ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne kalmar ta zo da danginta. Mai aikin masaƙin kiɗa ne. Manhajar, ko Ableton ce, ko FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, ko Logic ta Apple, ko Bitwig da ta fito a 2014, masaƙar kiɗa ce. Kowane sauti guda da aka ware, zare ne. In a situdiyo aka yi aikin, da damar gogewa da sakewa, saƙar ɗaki ce. In a gaban jama'a ne, inda abin da ya fita ya fita, saƙar fage ce. Na zaɓi fage a kan dandali ko dandamali saboda gajarta, kuma fage wurin gwada ƙwarewa ne a idon mutane.

Wata 'yar'uwa ta ce saƙa aikin natsuwa ne mai cin lokaci, laif set kuma na zafi-zafi ne. Hajiya, ai nan ne kalmar ta fi faɗin gaskiya. Duk wanda ya baro manhajar DJ, abin da ke fara ba shi mamaki shi ne yawan aikin da ake yi kafin ranar. A rekordbox ka zuba waƙoƙi, ta auna gudunsu, ka sa a filashi ka tafi. A masaƙa sai ka yanka kowane gutsure, ka duba ya zauna daidai kan bugu, ka daidaita ƙarfin kowane zare don kada bes ɗin wannan sashe ya danne na gaba, ka tsara abin da kowane maɓalli zai yi. Ga lura da nauyin da kwamfuta za ta iya ɗauka. In ka rage ma'ajin sauti, wato gurbin da kwamfuta ke tara sauti kafin ta fitar, jinkirinsa kaɗan ne, yatsa ba ya ji, amma injin na shan wuya, sauti na iya fara ƙaraf-ƙaraf. In ka ɗaga shi injin ya huta, jinkirin kuma ya ƙaru. Sannan ka rasa wani 'yanci da DJ ke da shi: in masu rawa suka juya, shi yana da dubban waƙoƙi a hannu, kai kuwa zaren da ka ja tun daga gida shi ke gare ka.

Suka mafi nauyi daga wani yayanmu a harkar ta zo. Ya ce yau DJ ma yana da zare. Native Instruments ta fito da tsarin Stems a 2015, inda waƙa ke zuwa a kashi huɗu. VirtualDJ ta fara raba murya da kiɗa nan take a 2020, Serato ta biyo a 2022. To ina iyakar? Yaya, gaskiyarka, iyakar ta matso. Amma wanda ya cire murya daga gamammiyar waƙa ya ɗora ta kan kiɗan wata, warwarar abin da wani ya saƙa yake yi, tsarin waƙar, daga shigarta zuwa fitarta, yana nan yadda mai ita ya ajiye. A saƙar fage tsarin ne ba ya nan sai an yi shi. Gwajin da nake bayarwa shi ne a ɗauki wasan mutum na dare biyu. In kiɗa ɗaya ya fito da tsawo daban da jeri daban saboda yadda jama'a suka amsa, ya yi saƙar fage. In ya jera komai tun daga gida a Arrangement View, shafin Ableton da ake jera waƙa daga farko zuwa ƙarshe, ya danna kunnawa, yana murɗa maɓalli ɗaya biyu har ƙarshe, saƙar ɗaki ya kawo fage, ko da Ableton ce a gabansa. Haka wanda ya loda gamammun waƙoƙin mutane a Ableton yana fita daga wannan zuwa waccan, aikin DJ yake yi da wata manhaja, kuma a kira shi da sunansa ba ragi ba ne.

Ga yadda take zama a jimla, ku gwada a bakinku: "Yau ba DJ zai yi ba, saƙar fage ce ta minti arba'in." "Ta koma masaƙa tun bara." "Turo mini zaren gangar shi kaɗai." "Wace masaƙa kake aiki da ita?"

Saura masu haɗa biyun. Tun da Ableton Link ya shiga Live a 2016, ana iya ɗaure gudun masaƙa da na Traktor ko Serato su tafi tare, mutum yana saka waƙoƙi yana kuma saƙa nasa zaren a kai. Da yawa daga masu sauya sheƙa ta nan suke farawa, kuma ina ganin ita ce hanya mafi aminci, domin in masaƙa ta tsaya waƙa na ci gaba. Wannan ba ya buƙatar sabuwar kalma. A takardar sanarwa a rubuta "DJ da saƙa", wanda zai yi zallarta kuma a rubuta "saƙar fage" a gaban sunansa.