Injin huɗa yana mutuwa da zarar haƙoransa sun ci ƙasa

Mai lambun Ajiwa:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin injin huɗa na fetur, ɗan China mai ƙarfin doki 6.5, bara na saye shi na hannu. Da shi nake gyara fangali a lambuna da ke kusa da dam ɗin Ajiwa. Yau kwana huɗu ya sa ni gaba. Ja ɗaya yake tashi, in ka ji shi a silo sai ka rantse sabo ne. Amma ina sauke haƙoran cikin ƙasa sai ya kama tari, ya yi fat-fat sau biyu ko uku, ya ɗauke ɗif. Na sa sabon fulogi, ba ta canza zani ba. Ga irin albasa ya isa dashe, har ya fara wuce lokaci. Wanda ya san kan abin nan ya taimaka don Allah.

Manomi daga Daura:
Wa alaikumus salam. Malam, fara duba baƙin mai. Yawancin injinan nan suna da na'urar da ke kashe wuta in mai ya yi ƙasa, to da injin ya karkata cikin kunya sai ta kashe shi. Nawa ya yi mini haka a Sabke, na kusa sayar da shi a banza. Baƙin man da yake ɗauka bai wuce lita 0.6 ba. Kuma in ƙasar ta bushe ƙarau, ka ba ta ruwa ta kwana, kada ka nutsa haƙoran gaba ɗaya a zagayen farko.

Bakanike a Ƙofar Ƙaura:
Maganar Alhajin Daura tana kan hanya, amma wanda na'urar mai ta kashe ba ya tari, ɗaukewa yake lokaci guda kamar an murɗa makunni. Naka da ke tari kafin ya mutu, yunwar fetur ce nake zargi. Kafireto hanya biyu gare ta: ƙaramin jet (ɗan ramin da fetur ke bi) na silo, da babban jet da ke ba da mai in aiki ya yi nauyi. Babban na iya toshewa ƙaramin yana lafiya lau, shi ya sa injin ke yaudararka a tsaye.

Gwada wannan: ja cok rabi, ka shiga ƙasa da shi. In ya riƙe, to jet ne. In kuwa baƙin hayaƙi yake fitarwa, fulogin ya yi baƙi ƙirin, to matatar iska ce ƙurar hunturu ta cika. Ka kuma sassauta murfin tanki ka gani, ɗan ramin numfashinsa yakan toshe. Ina kake sayen mai?

Mai lambun Ajiwa:
Oga, kamar kana wurin. Baƙin mai a cike yake, hayaƙi babu. Da rabin cok kuwa ya huɗe fangali biyu bai ko yi atishawa ba. Mai dai wurin 'yan bumburutu nake saya, gidan mai ya yi mana nisa.

Bakanike a Ƙofar Ƙaura:
To rufe famfon mai, ka kwance kofin da ke ƙasan kafireto da sifana mai lamba 10. Juye abin da ke ciki a farin kwano, in akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa kamar ƙwayar ido. Jet ɗin yana cikin bututun tsakiya, ɗan jan ƙarfe ne mai rami. Zare silin waya ɗaya daga kebul ɗin birkin babur ka zura a hankali, ka hura, ka ɗaga shi sama sai ka hango haske. Ban da allura ko ƙusa! Ramin ya faɗaɗa, shan mai ya same ka har abada. Kuma kada ka ce za ka ci gaba da aiki da cok, fulogi zai yi ta mutuwa.

Mai lambun Ajiwa:
Allah ya saka da alheri, Oga. Ruwa ya kai cokali guda, ga wani jan gari kamar tsatsa a gindin kofin. Na wanke tankin ma, na sa yarona ya tace sauran man da ƙyalle. Tun hantsi yake aiki, fangali shida suka rage.