Neman shawara: ina so in mayar da darussana kan shafi na kaina

Maman Hanan (Jidda):
Slm jama'a barkanmu da war haka. Dan Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min. Shekara biyu kenan ina koyar da Larabcin kasuwa a guruf na WhatsApp, irin wanda ake yi a titi da asibiti da wajen direban tasi, ba na littafi ba, yawancin ɗalibaina mata ne daga Kano da Katsina da Maraɗi masu shirin zuwa umara ko aikin hajji, wasu kuma aure ne zai kawo su. Matsalar guruf ya cika da hayaniya, darasin da na tura watan jiya ya nutse a ƙarƙashin gaisuwa da sitika, sabuwar ɗaliba in ta shigo sai na sake turo mata komai daga farko, kuma wlh wasu suna kwashe muryata su tura wani guruf ɗin kyauta. Ƙanin maigidana ya ce in buɗe shafi nawa na kaina in zuba darussan a jere, wacce ta biya a buɗe mata. To ni ban san ta ina ake farawa ba, kuma nawa zai ci?

Abu Sumayya (Madina):
Wslm Hajiya. Shawarar ƙanin naki mai kyau ce. Abu uku za ki saya ko ki nema, sunan shafi wato domen da ake sabuntawa duk shekara, sai hostin inda shafin zai zauna, sai manhajar da za ta jera darussan. A manhaja hanya biyu mutane suka fi bi. Akwai Moodle, kyauta ce, tun 2002 take kuma jami'o'i da yawa da ita suke aiki, tana da jarrabawa da maki da komai, tana karɓar rubutun Larabci daga dama zuwa hagu ba rigima, sannan tana da manhajar waya da ɗaliba za ta sauke darasi ta duba ko ba data. Amma gaskiya ta yi miki nauyi, kamar ki ɗauko tirela ne za ki kai cefane gida, ga shi tana son mai kula da ita, har akwai wani aiki da ake saita wa sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ta riƙa yi duk minti ɗaya in ba haka ba saƙonni su maƙale. Ni dai WordPress, manhajar gina shafi, zan ce ki ɗauka ki ɗora mata mai jera darussa, Tutor LMS ko LearnPress, dukkansu suna da na kyauta. LearnDash ma akwai amma ita sai da kuɗi. In kin iya tura abu a Facebook za ki iya wannan cikin sati guda.

Injiniya Bature:
Malam ya faɗi gaskiya amma ya tsallake inda gizo ke saƙa. Kafa shafin ba shi ne aiki ba, yini ɗaya an gama. Bidiyo ne. Ni na yi wannan gangancin, na zuba bidiyoyina kai tsaye a kan hostin mai arha da na saya wajen wani kamfani, ranar da mutum talatin suka shiga lokaci guda shafin ya sume, washegari suka turo min saƙo wai na wuce ƙa'ida. Kada ki ɗora bidiyo a hostin ɗinki sam. Ki ajiye shi a Vimeo ko Bunny Stream, ki saita cewa ba zai buɗe ba sai a cikin shafinki. Wasu na sa shi a YouTube a ɓoye, to wannan duk wanda ya samu linkin ya samu darasin, kin koma gidan jiya.

Kuma ki tuna su waye ɗalibanki. Ke kina Jidda intanet kamar ruwan famfo, ita kuwa tana Funtuwa tana lissafin data kamar gishirin miya. Darasin harshe ai kunne ne, murya ta awa ɗaya in an matse ta da kyau wajen mega 30 ce kawai, bidiyo mai kaifi na awa ɗaya kuwa zai iya haura giga guda. Ki yi murya minti goma goma, ki haɗa da takarda PDF mai kalmomin da wasali, bidiyo sai inda dole a ga baki. Akwai HandBrake kyauta, da ita ake rage nauyin bidiyo.

Maganar sata kuma kar wani ya ruɗe ki, wanda ya yi niyya zai ɗora wata wayar ya ɗauka. Ragewa dai ake yi.

Maman Hanan (Jidda):
Allah ya saka da alheri, na fara ganin haske. To kuɗin fa? Yanzu asusun yayata a Kano suke turawa, ita kuma ta turo min hoton alat, wataran har mu rikice wa ya biya wa bai biya ba.

Hajiya Babba (Makka):
Ƴata tsaya nan, kafin kuɗi akwai maganar iƙama. Ni ba na gane kwamfutar nan taku amma shekarata 26 a ƙasar nan. Baƙo ba ya buɗe kasuwanci haka kawai da iƙamar zama, kuma masu karɓar kuɗi ta mada, wato katin bankin Saudiyya, irin su Moyasar sai sun nemi sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, ko takardar da ta yi kama da shi. Kar kuma wani ɗan ƙasa ya ce ki yi da sunansa ku raba riba, wannan shi ne tasattur, hukuncinsa ba wasa ba ne har da ɗauri da kora. Ki sa maigidanki ya tambayi wanda ya san doka tukuna, ko da kuɗin a Najeriya yake shiga, tunda ke a nan kike zaune.

Abu Sumayya (Madina):
Maganar Hajiya Babba abin riƙewa ce, har ma akwai cibiyar gwamnati a nan mai ba da lasisin koyarwa ta intanet, a haɗa da ita a tambayar. In an warware wannan, ɓangaren naira mai sauƙi ne. Paystack ko Flutterwave suna haɗuwa da WordPress ta WooCommerce, manhajar sayar da kaya a shafi, ɗaliba ta biya da kati ko tiransifa darasi ya buɗe mata da kansa, kuɗin ya faɗa asusun banki a Najeriya, yayarki ta huta da hoton alat. Ƴan Maraɗi masu sefa kam sai dai ki ci gaba da buɗe musu da hannu, minti ɗaya ne. Kuma kar ki rufe guruf ɗin WhatsApp, nan za su riƙa yi miki tambaya suna turo muryarsu kina gyara musu.

Maman Hanan (Jidda):
To madalla, zan fara da maganar dokar. Injiniya in an gama zan turo ƙanin nawa wajenka, shi ya jawo maganar shi zai zauna ya koyi saitin. Darussa 40 ne a ƙasa, goma daga ciki ma akwai kukan Hanan a bayansu sai na sake ɗauka.