Taurarin 'yan sakandare a ƙwallon Amurka: me aka tsayar?

An yi muhawara kan ko taurarin da ake ba 'yan wasan sakandare suna nuna wanda zai yi fice a jami'a. Muhawarar ta yi tsawo, amma ga abin da aka tsinta. Kamfanoni irin su 247Sports da Rivals suna ba 'yan wasan sakandare taurari, biyar ne ƙololuwa, kuma kusan yara 30 kacal ke samun biyar ɗin a shekara. Mafi yawan masu magana sun ce a duba ƙungiya gaba ɗaya, kada a kafe ido kan yaro guda. Yawancin jami'o'in da ke cin kofin ƙasa, irin su Alabama da Georgia, galibin waɗanda suke ɗauka masu taurari 4 ko 5 ne. Nan kam ba gardama.

Kan mutum ɗaya fa, lissafin yakan goce. Trevor Lawrence, mai taurari biyar, ya cika alƙawari, ya ci kofin ƙasa da jami'ar Clemson tun shekararsa ta farko. Baker Mayfield kuwa ya shiga jami'ar Texas Tech ba tare da tallafin karatu na 'yan wasa ba, ya koma Oklahoma, ya ɗauki kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, a 2017.

Wani ya ja kunne, kuma ina ganin da gaskiyarsa: yaro mai shekara 17 jikinsa bai gama ginuwa ba, musamman ƙattin layin gaba. A haɗa da rauni, da irin kocin da ya samu, da sauya makaranta da ya yawaita yanzu.