Iska nawa kuke ba tayar manyan motoci a wannan zafin?

Mai Hilux, Sabon Gari: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina ɗaukar kaya daga kasuwar Dole ta nan Damagaram zuwa Magarya da Matamaye. Mai facin unguwarmu ya ce in riƙa sa abin da aka rubuta a jikin taya, wani kuma ya ce in rage saboda bazara. Ku da kuka daɗe a hanya, yaya kuke yi?

Tsohon direban hanyar Agadas: Wa alaikumus salam ƙanena. Lambar jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙi, akwai ƴar takarda manne. Sau da yawa layi biyu ne, na mota wayam da na mota da kaya, kuma za ka ga ƙafar baya ce ake ƙara wa in an yi lodi. Batun ragewa saboda zafi kuwa, shi ke kashe tayoyi tsakanin nan da Tanut a watan Afrilu da Mayu. Taya mai ƙarancin iska gefenta ke lanƙwasawa a kowane juyi, wayoyin ciki su yi ta ɗaukar zafi har ta fashe. Ɓawon tayoyin da kake gani zube a bakin kwalta, da yawansu haka suka ƙare.

Mai faci, bakin tasha: Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara. Mota ta taso daga Gure da tsakar rana, taya kamar garwashi, sai direba ya ce in gwada. Dole ma'auni ya nuna ƙari, wajen kilo 0,2 zuwa 0,3. Sai ya ce in sace. Na sace, gobe da asuba taya ta huce ta koma ƙasa da ƙa'ida, ya dawo yana cewa na huda masa. A gwada da safe kafin mota ta motsa, shi ke nan. Kuma ku lura da ma'auni: namu na nan bar ne, shi muke ce wa kilo, na Kano da Daura galibi PSI ne. Kilo 1 daidai yake da PSI 14,5. Ka ce wa yaron Kano "sa mini biyu da rabi" sai ya tsaya kallonka. Ce masa 36.

Direban ƙungiyar agaji: Ni dai ina ragewa, sai dai a rairayi kaɗai. Arewacin Gure, wajen Tasker, in ka shiga da Land Cruiser da iskar kwalta, tun tudun farko za ta haƙa rami ta zauna. Nakan sauke zuwa wajen kilo 1,5, in wuri ya yi laushi sosai har 1,2. Tayar sai ta baje, ta riƙa tafiya bisa yashi kamar tafin raƙumi. Amma a hankali ake tafiya, ba a murɗa sitiyari da ƙarfi, don taya na iya zamewa daga ƙarfenta, ka ga aiki ya same ka a inda ko inuwa babu. In tayarka mai tub ce kar ka kai can ƙasa, tub ɗin kan ja ya tsinke daga bakin iska. Ƙaramin famfo mai aiki da batir kullum yana bayan kujerata, ina taka ƙasa mai tauri nake mayarwa.

Mai Hilux: To Malam, hanyar jar ƙasa mai gargada fa? Can ma 1,5 ɗin?

Direban ƙungiyar agaji: A'a. In babu kaya rage kaɗan don ta daina watsa ka. Da buhunan gero a baya kar ka taɓa, duwatsu za su yanka gefen.

Karen mota: Mu a tirela lissafin daban ne, kilo 8 zuwa 9 muke sawa. Abin da ke cin mutane ƙafa biyun nan ne na baya. Ta waje ake gani, ta ciki ta yi sati tana sacewa ba wanda ya leƙa, ta wajen ta ɗauki nauyin biyu. Maigidana yana bi yana bugunsu da ƙarfe yana sauraro. Bugu yana nuna wadda ta mutu, amma ba ya nuna wadda ta rasa kilo ɗaya, shi ya sa na roƙe shi ya sayi ma'auni.

Tsohon direban hanyar Agadas: Yaro ka yi hankali. Ƙanena, in tayoyinka na hannu ne, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a jikin taya: 2318 na nufin an ƙera ta a sati na 23 a shekarar 2018. Tsohuwar roba ko ka daidaita iska ba ta da amana. Ka kuma gwada safaya, ita ma tana sacewa a zaune.

Mai Hilux: Na gode Baba. Na duba ƙofar, takardar ta goge. Wa ke da irin tawa ya ɗauko mini hoton tasa?