Ciwon mara da bai jin maganin sanyi: ko jijiyoyin jini ne?

Maman Biyar: Assalamu alaikum. Tun bayan haihuwata ta biyar nake fama da nauyi da ciwo a mara, galibi ta ɓangaren hagu. Da safe lafiya lau nake tashi, amma idan na wuni a tsaye a aji, zuwa la'asar sai na nemi wurin kwanciya, kuma ciwon yakan tsananta bayan saduwa da kuma gab da al'ada. An sha ba ni maganin sanyi ba tare da sauƙi ba, sikanin kuma bai nuna komai ba. Wata ungozoma ta ce wataƙila jijiyoyin jinin mara ne suka kumbura. Shin akwai irin wannan lalura?

Likitan Mata: Wa'alaikumus salam, Malama. Akwai ta, kuma an fi ganinta ga matan da suka haihu sau da yawa kuma ba su daina al'ada ba. Jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙwan mace zuwa zuciya suna da ƙananan murafai masu hana jini komawa baya. Idan juna biyu ya buɗa jijiyoyin har murafan suka daina rufewa, sai jini ya riƙa taruwa a mara duk lokacin da mace take tsaye. Hagu ya fi kamuwa domin jijiyar wannan ɓangaren tana zubewa ne a cikin jijiyar ƙoda, ta dama kuwa kai tsaye take shiga babbar jijiyar ciki. Sikanin da aka yi miki kina kwance yana iya kasa gano matsalar, saboda kwanciya tana sa jijiyoyin su sace. Ki nemi a yi miki sikanin Dofla ta cikin al'aura, wanda ke nuna inda jini ya nufa, a sa ki yi yunƙuri yayin dubawa. Sai dai wajibi ne a fara tabbatar da cewa ba ƙarin mahaifa ba ne, ba ciwon mafitsara ba, kuma ba tsiron fatar cikin mahaifa a wajenta ba, domin alamominsu suna kama da juna.

Maman Biyar: Na gode, Likita. Idan an tabbatar, sai an cire mahaifa ke nan?

Likitan Mata: A'a, ba da wannan ake farawa ba. Ana iya gwada magungunan da ke rage aikin ƙwan mace, irin su medroxyprogesterone, ko da yake ciwon yakan dawo idan an daina sha. Tun 1993 ake toshe jijiyar da ta lalace: ana zura siririn bututu ta jijiyar jinin wuya ko ta matsematsi, a saka ƙananan naɗin waya a cikin jijiyar da ta lalace, jinin ya bi wasu jijiyoyin masu lafiya. Galibi ana sallamar mace a ranar ko washegari. Kafin a toshe, dole ne a duba ko wata jijiya ce ta danne ta ƙodar hagu, domin a wannan hali maganin daban ne.

Ma'aikaciyar Jinya: 'Yar'uwa, ki duba ko akwai jijiyoyi da suka fito ruɗu-ruɗu a gabanki ko a cikin cinyoyinki, ki faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba, domin babbar alama ce. Sayen maganin sanyi a kemis kuma ki dakata da shi har sai gwaji ya nuna akwai ƙwayar cuta.