Karatun tarihin jihadin Shehu a majalisin matasa: me ke tafiyar da shi, me ke ɓata shi?

Abu Sumayya, Gusau

Assalamu alaikum. Matasan masallacin unguwarmu suna son a buɗe musu majalisi na mako-mako a kan tarihin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, in an yi nisa kuma a kai su ziyara Gwandu. Su goma sha biyar ne, yawancinsu sun gama sakandare, Larabcinsu bai yi ƙarfi ba. Abin da ake so shi ne karatun ya taɓa zuciya, ya gyara ibada, ba a tashi da haddar sunayen yaƙe-yaƙe kawai ba. Waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan majalisi, daga ina ake farawa, kuma me kuka ga yana kashe shi?

Malam Na-Gwandu

Wa alaikumus salam. Abin da ya fi kashe shi shi ne farawa daga 1804. Matashi na jin Tabkin Kwatto da dawaki da tutoci sai jini ya hau, in aka dawo da shi kan tsarki da gyaran niyya kuma sai ya ga an rage masa armashi, mako uku ka neme shi ka rasa.

Ku duba lissafin. An haifi Shehu a 1754 a Maratta. Ya fara wa'azi yana da kimanin shekara 20, wajen 1774. Hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804 aka yi ta. Shekara 30 ke nan ana karantarwa. Alƙalawa, babban birnin Gobir, kuwa ta faɗi a 1808, wato babban yaƙin da Gobir bai cika shekara 5 ba. To ku raba zamanku a kan wannan ma'auni: in zama 24 za ku yi, aƙalla 14 su tafi a kan shekarun karantarwa, 5 a kan yaƙi, 5 a kan abin da ya biyo bayan nasara.

Tsarin zama ɗaya, in tsakanin Magariba da Isha'i ne, bai cika awa guda ba, don haka kada ku wuce shafi ɗaya ko biyu. Minti goma na farko wani ɗalibi ya maimaita karatun makon jiya da bakinsa, ba daga takarda ba. Sai malami ya karanta nassin Larabci ya fassara jimla-jimla. A bar minti goma sha biyar na tambaya. A rufe da hali guda ɗaya da kowa zai sa wa ido a kansa har mako ya zagayo. Wannan na ƙarshe ba ƙirƙirarmu ba ce. Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya kawo a littafinsa Infaƙul Maisuri yadda wa'azin mahaifinsa yake tafiya: tauhidi, sannan tsarki da salla da sauran ibadu, sannan halaye masu halakarwa irin su jiji-da-kai, girman kai, hassada da riya, da masu tsirarwa irin su tuba, tawakkali da ikhlasi. Ya kuma ambaci cewa Shehu kan ɗan tsaya kafin ya fita wurin taro don ya sabunta niyya. Wannan ɗan wurin kaɗai ya isa zama guda cur.

Malama Inna, Ƙauran Namoda

Malam ya faɗi gaskiya, kuma ku da ke Gusau kuna da abin da zai sauƙaƙa muku: wani babban yanki na shekarun nan 30 a ƙasarku aka yi shi. Shehu ya yi kusan shekara 5 yana zagayen wa'azi a Zamfara daga wajen 1786, ya zauna a Faru, kuma a wannan zamanin ne shi da ƙanensa Abdullahi suka saurari Sahihul Bukhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji. In ɗalibi ya ji sunan garin da ya sani, kunnensa buɗewa yake.

Kada kuma a bar mata a baya. A Zamfara ɗin ne wani malami daga Barno ya soki Shehu a kan mata na halartar wa'azinsa, Abdullahi ya mayar masa da amsa cikin waƙa, cewa barin su cikin jahilci ya fi muni. A Nurul Albab ma Shehu ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke koyar da ɗalibai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin alwala ba. Abin da ake gani yana aiki shi ne a yi wa mata nasu zaman da hantsi ko bayan La'asar, da darasi ɗaya da na maza a mako guda, don miji da mata da yayye da ƙanne su tattauna a gida. Mata sun fi riƙe karatun in an haɗa da waƙa, wanda shi ne dabarar Nana Asma'u da 'yan taru tun asali: jaji, wato jagorar matan, ta haddace, ta koma ƙauye ta koyar. Baiti huɗu a mako ya wadatar. In aka yawaita, sai rerawa ta rinjayi ma'ana.

Ɗan Kabi, Argungu

Allah ya gafarta malam, akwai inda nake ganin majalisai na zamewa, kuma ba a cika son faɗa ba. Da an iso yaƙi sai labarin ya koma Fulani da Haɓe, ɗakin ya rabu biyu, kowa na kare kakanninsa. Alhali Abdussalami na Gimbana, almajirin Shehu wanda rikicin garinsa ya kunna wutar a ƙarshen 1803, Ba'are ne, ba Bafulatani ba. Akwai Fulani da Buzaye a rundunar Yunfa Sarkin Gobir, akwai su kuma a ɓangaren jama'a, wato mabiya Shehu. Zamfarawa sun karɓi jama'a a Sabon Gari a 1805 har da dalilin tsohuwar gabarsu da Gobir, wadda ta rushe Birnin Zamfara ta gina Alƙalawa a ƙasarsu. Daga baya da yunwa ta sa mayaƙa suka riƙa kwasar abincin ƙauyuka, sai da yawa suka juya baya. Wannan duk yana cikin tarihin, ba sharrin maƙiya ba ne.

Mu nan Kabi, an ci Birnin Kebbi a Afrilun 1805, amma maganar ba ta mutu a nan ba. Yakubu Nabame ya sake tayar da tutar Kabawa a 1849, aka yi ta fafatawa har zuwan Turawa. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi. Malamin da ya ɓoye wa yara wannan, ranar da suka ji shi a wani wuri za su daina yarda da sauran abin da ya gaya musu.

Malam Na-Gwandu

Madalla da wannan, Ɗan Kabi. Maganin rabuwar ɗakin shi ne a bar Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi magana da kansa, domin babu wanda ya kai shi sukar jama'ar daga ciki. Ku karanta musu Tazyinul Waraƙati, wanda ya tara waƙoƙinsa da bayanin dalilin kowace. Wuri biyu su ne zuciyar wannan karatu gaba ɗaya.

Na farko yaƙin Alwasa, a ƙarshen 1805. Kafin a gamu da abokan gaba, mayaƙan jama'a sun auka wa wani gari da ke da amana da su suka washe shi. Shugabanni sun yi ƙoƙarin hana su, ba su ji ba. Da aka gwabza sai aka karya su, mutane masu yawan gaske suka mutu, abokan gaba suka biyo su har Gwandu kafin a iya mayar da su. Shekara guda kafin nan an yi yaƙin Tsuntsuwa, inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Ku sa ɗalibai su yi tunani a kan wannan: mutanen da suka sha karatun Degel suna ƙarewa a fagen fama, waɗanda ke cike gurbinsu kuma ba su zauna gaban malami ba.

Na biyu 1807, lokacin da Abdullahi ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka. Dalilinsa a waƙa ya faɗe shi: abokansa na gaskiya sun shuɗe, an bar shi cikin masu neman mulkin garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakin sukuwa a gari. Kanawa suka tare shi, ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya komo. A nan ne majalisi kan yi tsit. Kada malami ya yi saurin cike shirun da nasa bayani, kada kuma ya bari a karkatar da shi zuwa zagin 'yan siyasar yau. Tambayar da za a ba kowa ita ce: wane aikin alheri ka fara don Allah, yanzu kuma me ke riƙe da kai a cikinsa?

Alaramma, Talatar Mafara

Nawa na takarda ne. Bugun kasuwa da yawa hoton rubutun hannu ne na Magaribi: fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya tashi da bugun Hafsu zai karanta ƙaf a matsayin fa, ma'ana ta tashi. Ku sa wanda ya yi allo da Warshu ya riƙe karatun nassi. Ku kuma nemi bugu biyu daban na kowane littafi, don masu kwafa kan tsallake layi in layuka biyu sun ƙare da kalma iri ɗaya.

Shekaru kuma da Hijiriyya suke. Hanya mai sauƙi: a ninka shekarar da 0.97 a ƙara 622. Misali 1218 za ta ba ka 1803 da ɗoriya, kuma daidai ne, don ta fara a 1803 ta ƙare a 1804. Hijirar Gudu a Zulƙida ta faɗo, shi ya sa take 1804. Sunayen garuruwa ma na ruɗarwa. Daurar da ke cikin labarin wa'azin Zamfara ba Daurar Bayajidda ba ce, Sabon Garin 1805 ba na Kano ko Zariya ba ne, Kalambainar da Bello da Abdullahi suka sasanta a bakinta tana kusa da Gwandu, ba ta kamfanin siminti a Sakkwato ba ce. A zana taswira a allo tun zaman farko, a riƙa ƙara gari duk mako.

Baban Khalil, Birnin Kebbi

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: kada a miƙa wa matashi rubuce-rubucen lokacin yaƙi, irin su Wasiƙatu Ahlis Sudan, ya tafi da su ɗaki shi kaɗai. Gajeru ne, hukunci ne a jere babu dogon bayani, an rubuta su ne ga wani hali na musamman, bayan Sarkin Gobir Nafata ya hana wa'azi in ba na Shehu ba, ya hana rawani da mayafi, ya hana wanda bai gaji Musulunci ba shiga cikinsa. Yaro kan ɗauko hukuncin ya ɗora wa maƙwabcinsa. Alamar farko ita ce ya fara tambayar hukuncin wane da wane maimakon hukuncin aiki.

Kafin a kai nan, a karantar da su cewa Shehu ya saɓa wa malaminsa Jibrilu ɗan Umaru a kan kafirta mutum saboda zunubi, duk da girman da yake ba shi, kuma ya yi rubutu da dama yana kwaɓar ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya hujjojin ilimin tauhidi ba. A kuma karanta wasiƙun Shehu Laminu na Barno masu ƙalubalantar jihadin, waɗanda Bello da kansa ya kawo su a littafinsa tare da amsarsu. Ku Zamfarawa kuma dole za a tambaye ku 'Yandoto, garin malamai da Bello ya yaƙa. Ku shirya mata tun da wuri, ku faɗi abin da ya faru da hujjar da kowane ɓangare ya riƙe.

Baba Direba, Jega

Wagga magana ta ziyara, ku ji. Mutane da yawa in sunka ce Gwandu sai su tsaya Birnin Kebbi, don can fadar Sarkin Gwandu take yanzu. Hubbaren Malam Abdullahi cikin garin Gwandu yake. In kunka taso Gusau ku bi ta Mafara ku kwan Sakkwato, ku ga hubbaren Shehu. Da sahe ku ɗauki hanyar Jega, Sifawa da Boɗinga na bisa hanya, sannan Gwandu. Komowa ku bi ta Birnin Kebbi da Argungu, Alwasa na tsakaninsu, ku shiga gidan tarihin Kanta. Kwana biyu ne in ba a son gaggawa, mota guda mai cin mutum 18 ta ishe ku. Ku tashi bayan gari ya waye sarai, kada Magariba ta same ku bisa hanya. Faru da ƙauyukan daji ku bar su ga taswira sai hali ya gyaru. Da sanyi anka fi jin daɗin tahiyar, ba da bazara ba.

Abu Sumayya, Gusau

Allah ya saka da alheri, Baba. Saura abu ɗaya: yaran namu akwai 'yan Izala akwai 'yan ɗariƙa. Ina tsoron a je bakin hubbare a yi ta musu.

Baban Khalil, Birnin Kebbi

A gama wannan a Gusau kafin a shiga mota. A zaman ƙarshe a faɗa musu abu biyu tare: Shehu Baƙadire ne, kuma shi ne ya rubuta Ihya'us Sunna yana yaƙar bidi'a. Sannan a yi yarjejeniya a kan abin da duk suka haɗu a kansa: a yi sallama ga mamata, a roƙa musu gafara da rahama, ba ɗaga murya, ba ɗaukar hoto a ciki sai an nemi izini. Mutum ɗaya, wanda ya fi kowa shekaru, shi zai yi magana da masu kula da wurin, shi zai miƙa abin sadaka in za a bayar. Duk mai ƙarin tambaya ya rubuta ta, a amsa a masauki bayan Isha'i.